Dalmar Shekara Tara

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidajen kwano ke riƙe da juna kada su gangara teku,
na sauko da akwatin wutar mahaifina daga kan kabad.
Kilo goma sha ɗaya. Bayana ya shaida.
Fenti ruwan toka, gishirin iska ya ci gefensa,
mita biyu a goshi kamar idon mujiya,
allurai kwance, shekara shida ba motsi.

Eliseo masunci ne ya jawo.
Rediyon kwalekwalensa ya yi gum ran Talata,
shi kuwa ba ya shiga ruwa da kurman rediyo.
Ina buƙatar bolt goma sha biyu, tsayayyu,
ba masu rawa kamar ɗan maraƙi ba.
Sabon akwatina na roba ya ƙone tun bara,
ko hayaƙin kirki bai yi ba.

Noti takwas, ɗaya ya ƙi.
Na ɗiga masa mai, na sha shayi, na dawo.
Da murfi ya ɗaga
sai ƙamshin shagon ya taso mini:
ƙura, tsohon mai, taba, ƙaron liƙi,
da tarin Baldomero da asuba.

A cikin murfin, da fensir, hannunsa:
“Mitar hagu tana rage rabin bolt. Kada a yarda da ita.
Kada kuma a tsane ta.”

Na fara sauke wutar da ke kwance a manyan kafasito,
don tsohon maciji ma bai rasa dafi.
Ɗaya ya kumbura, ya yi amai fari a ƙasa.
Na cire shi kamar ruɓaɓɓen haƙori.
Sabon da na sa bai kai rabinsa ba,
yana zaune cikin ramin kamar yaro a kujerar kakansa.

Sannan na gan shi.
Can kusa da taransifoma, kan jar waya,
wani dunƙulen dalma, mummuna, kamar kashin kaza.
Nawa ne.
Ina shekara tara, ya ɗora ni kan akwatin lemu,
ya ce, “Amparo, waya ake ɗumamawa, ba dalma ba.”
Na ɗumama dalma. Na ƙona yatsa. Na yi kuka.
Na ɗauka da dare ya warware ya sake.

Na ce, to, ga ɓarawon.
Na sa mita: lafiya lau.
Na ja shi da hantsaki: ko gezau.
Shekara arba'in da ɗaya yana ɗauke da wuta
bai taɓa kai ƙarata ba.

Laifin yana gaba kaɗan,
a ƙafar taransista, liƙi sumul mai sheƙi,
irin wanda ake kiran yara su gani.
Nasa.
Ya tsage siriri kamar gashi,
sai da gilashin ƙara girma na gano.
Na daɗe ƙarfen liƙi yana huci a hannuna.
Wa ke gyara wa malaminsa rubutu?
Na ɗumama waya, Baba. Waya.

Ban ba shi wuta kai tsaye ba.
Na ratsa ta cikin ƙwan fitila tukuna,
ya yi ja, ya lafa, ya koma garwashi.
Taransifoma ya soma gunjinsa na ƙasan maƙogwaro.
Allurar dama ta tashi.
Ta hagu ta yi nauyin jiki sai da na ƙwanƙwasa mata farce,
ta miƙe, ta tsaya sha ɗaya da rabi.

Akwai ɗan noti na saita ta, ina ganinsa.
Na bar shi.

Rediyon Eliseo ya yi kaki, ya yi tsaki,
sai ga wata murya daga tashar jiragen ruwa
tana cewa gobe iska daga kudu, igiya mita biyu.
Na ɗauki fensir, na rubuta ƙarƙashin nasa:
“Kafasito ɗaya, liƙi ɗaya. Jar waya kada a taɓa.”