Ƙofa Zuwa Ƙofa

Ofishinmu na Fagge, hawa na biyu:
sikeli a ƙasa, kalkuleta a kan tebur,
taswirar duniya a bango, rana ta cinye rabin Turai.
Ran da na kama aiki maigida Ɗanlami ya ce,
"Tasi'u, sikeli kaya kawai yake aunawa.
Mai kayan, da kunne ake auna shi."

Na ɗauka zancen manya ne, na ce to.

Sai ga Hajiya Kubura daga Yakasai
da kwali biyu ɗaure da igiyar shanya.
Kuka, daddawa, kanwa, yajin jego, kilishi.
"Toronto," ta ce. "Wanda ya fi araha."
Na buɗe baki zan ce jirgin ruwa,
wata biyu in teku ta yi kirki,
maigida ya taka min ƙafa.
"Hajiya, wa ya haihu?"
Ta yi dariya har da rufe baki da mayafi.
"Autata. Yau kwana tara."
To yajin jego bayan arba'in, na wa ne?
Muka zare kilishi, can ba a shiga musu da nama,
muka matse kwali biyu ya koma ɗaya,
ya bi ta sama, kuɗin bai karya ta ba.
Kilishin kuwa a cikinmu ya sauka.

Alhaji Sagiru na Kwari, shi sauri yake kira.
Kwantena daga Gwanzu, shadda da leshi,
waya bakwai kafin azahar:
"Tana ina? Ta shigo Apapa?"
Wata guda ina ba shi haƙuri
kafin na gano ba kwanaki ke cin ransa ba.
An taɓa yanka masa farashi a Kano,
kaya na isa Legas kuɗin kwastan ya haihu,
kuɗin ajiya ya yi jikoki.
Na zauna na rubuta masa komai,
har ladan 'yan dako, har man motar dare,
na ja layi, na ce, "Bayan wannan ko sisi."
Tun ranar, wayarsa sai barka da Juma'a.

A allonmu an rubuta ƙofa zuwa ƙofa,
a garin da kowace unguwa ke da tata.
Injin surfani daga Santambul,
adireshin cikin biro mai ƙarewa:
Ƙofar Mazugal, bayan masallaci, a tambayi mai shayi.
Tirela ta tsaya tun a titi,
a-kori-kura ta leƙa lungu ta ja da baya.
Abin da ya ƙetare teku biyu
a baro ya ƙarasa,
kwata a hagu, turken awaki a dama,
ni a gaba da tocilan waya,
don Balaraba ta roƙe ni tun farko:
"Kar a kawo da rana."
Ban ce don me ba.
Adashin shekara uku ne a cikin katakon,
kuma idon maƙwabta ba ya biyan haraji.
Ta sa hannu a takarda a soro, cikin duhu,
ta shafa akwatin kamar goshin yaro.

Maigida yanzu gwiwa ta hana shi hawa bene.
Kujerarsa ce nake kai, tana kuka in na juya.
Jiya wani dattijo ya shigo da ƙunshi
bai kai rabin kilo ba,
hula ɗaya, zanna bukar, za ta Jidda.
Sabon yaronmu Mujittafa ya kalli sikeli,
ya ja kalkuleta,
ya buɗe baki.

Na taka masa ƙafa.