Sanda ta Huɗu

Shekara talatin da ɗaya muka yi tare,
ni da sandar da nake lallaɓa ƙwallo da ita zuwa rami.
Ran Talata na taka ta da mota a bakin gareji.
Ko ƙara ba ta yi ba.
Ta lanƙwashe kamar lauje, shi ke nan.

Na gangara shagon Murdo Rennie, can gaɓar Nairn,
inda iskar teku ke shiga ba sallama,
ta kaɗa takardun farashi, ta fice.
Rigata na ɗigar ruwa kan koriyar dardumarsa,
doguwa, siririya, da rami a ƙarshe
kamar ido ɗaya da bai san barci ba.

Ya ce, "Ishbel, a wasan golf hannu ke zaɓe, ba ido ba."
Na ce, "Murdo, yi cinikinka, bar wa'azi."

Ta farko sai ƙyalli, kai kamar murfin tukunya,
an ja mata layi uku masu nuna hanya.
Ni da na tsufa ina koyar da lissafi
ba a ja mini layi.
Ƙwallon ta wuce ramin da taku biyu,
ta ɓuya ƙarƙashin kantar takalma.

Ta biyu ba nauyi, sai ka ce gashin tsuntsu.
Rawar nan da hannuna ya koya bara,
wadda nake ɓoyewa cikin aljihu a coci,
ta bi jikin sandar har ƙasa,
ta tona mini asiri.
Murdo ya juya yana gyara hulunan da ba su karkace ba.

Ta uku doguwa, har ƙirjina.
Wai masu ciwon baya na yabonta.
Na ce bayana lafiya lau,
girmana ne zai ji ciwo in aka gan ni da ita.

Har na ɗaura gyale zan tafi
sai na hango ganga a bayan ƙofa,
cike da tsofaffin sanduna, marayu, kai sama.
Guda ta tagulla ce, ta dushe, ta yi baƙi,
mariƙinta an naɗe da tsumman roba,
wani ya karce harafi biyu a gindinta da ƙusa.

Na ɗaga. Nauyi.
Irin nauyin da ke ce wa hannu, zauna.
Na sunkuya, na ja numfashi, na taɓa ƙwallon.
Ƙwas.
Ba amo ba ne, amsa ce.

Kuma ba ta shiga ba.
Ta bi gefen hagu, ta leƙa ramin, ta tsaya.
Amma na san dalili tun kafin ta tsaya:
kafaɗata ce ta yi gaggawa.
Sauran ukun sun yi ta gardama da ni,
wannan ta faɗi gaskiya ta yi shiru.
Kuskuren nawa ne, ta miƙo mini abina.

"Ta marigayi Hector Gunn ce," in ji Murdo,
"mai gyaran injin jiragen kamun kifi.
Shekara arba'in yana zaginta,
ko cokali bai taɓa ci da ita ba, balle kofi."
Na ce, "To, mun dace."

Fam goma sha takwas.
Ya so ya canza mariƙin, na hana.
Gurbin babban yatsan Hector na nan a jiki,
nawa ya faɗa ciki, ya ɗan yi masa yawa.

Na fita da ita ƙarƙashin hammata,
yayyafi na sauka, tsuntsayen teku na faɗa kan ɓawon burodi.
A gajeriyar ciyawar bayan shago na zuba ƙwallo shida.
Biyu suka shiga.
Ban ƙirga sauran ba.

Tsohuwar kuwa tana lambu.
Na kafa ta jikin katanga,
wake ya fara hawanta.