Ƙarƙashin Matakala, Sawakin

Direba ya nuna da haɓa, ya ce, "Ga shi nan,"
ya koma inuwar motarsa.
Bango uku suka rage, na huɗu ya durƙusa
kamar raƙumin da ke jiran a sauke masa kaya.
Daga teku aka haƙo dutsen ginin.
Na dangwala yatsa na lasa: har yau gishiri.

A kan ƙofar da ba ta rufe komai
an kafa allon ƙarfe da Larabci:
nan aka haifi Ra'is Barmo,
matuƙin da ya shekara arba'in yana kai alhazai Jidda,
bai taɓa bar wa teku ko mutum ɗaya ba.

Na ɗaga kai ina neman ɗakin
can sama, inda taga mai sassaƙa
ke lilo da ƙusa guda.
Mai shayin bakin hanya ta yi dariya.
Hausarta ta sha Larabci, amma ba ta narke ba.
"Sauke idonka, ɗan'uwa.
Benen na attajiri ne, wa ya san sunansa yanzu?
Ga wurin."

Ƙarƙashin matakala. Taku biyu da rabi.
Nan Tasalla ta dire tulu ranar da naƙuda ta zo,
ita da ta baro Haɗeja a ƙafa,
guzuri ya ƙare a Wadai, miji ya ƙare a Kurdufan,
ta tsaya tana yi wa mutane dakau,
tana ƙulle kuɗin jirgi a bakin zane.
Kullum teku a gabanta, kamar tuwon maƙwabta.
Ba ta haye ba.

Kakata na cikin waɗanda ɗanta ya ɗauka.
Ta ce in hadari ya haɗo ba ya duban sama,
hannu yake tsomawa a ruwa
kamar mai taɓa goshin yaro cikin dare.
Ta ce mace mai goyo
ba ya karɓar ko sisinta.

Yanzu kyanwa ce ta haihu a gurbin,
'ya'ya huɗu, ido bai buɗe ba.
Na tsuguna zan yi addu'a, ta yi mini gurnani.
Na ja da baya,
mai jego ta fi baƙo iko da ɗaki.
A tsaye na shafa fatiha, daga nesa.

Can tasha jirgin Jidda ya yi kuka.
Mai shayi ba ta ko waiwaya ba,
ta zuba madara a murfin gwangwani,
ta tura ƙarƙashin matakala,
sannan ta tambaye ni cokali nawa na sukari.