Aya Tana Son Yatsa Biyu

Tawa ta mutu ranar Laraba, shayi ya shige mata ciki.
Fassuma 'yar Damagaram da ke hawa na uku
ta ba ni aron tata.
"Sai haƙuri fa," in ji ta, "Faransanci take ji."

Ƙarfe ɗayan dare a Greensboro,
ban ko cire takalmin aiki ba,
layi huɗu zan rubuta wa Yaya Ɗanlami
kan gidanmu na Funtuwa.

Na nemi m inda na saba samunta,
na tarar da waƙafi ya yi zaman dirshan a gurbinta.
Na daure na rubuta
kada a sayar da gidan
na kai hannu zan ɗiga aya,
sai ruwa biyu ya fito,
ya zuba mini ido yana jiran dalili.
Ni kuwa dalilina bai wuce bishiyar lemon Inna ba.

Na matsa gaba kaɗan, alamar motsin rai ta faɗo.
Ga ni ina daka wa yayana tsawa
daga bayan teku.
Na goge da sauri.

Da asuba Fassuma ta sauko da butar shayi,
ta ajiye ta can nesa da teburin.
Ta danne maɓalli ɗaya da ɗan ƙaramin yatsa,
ta taɓa wani.
"Wurinsu ihu kyauta ne," ta ce,
"aya ce sai an biya."

Na ɗiga ta.
Har yanzu ban tura ba.