Sunayen Ƙarshen Fim

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar fitila
a bayan masu kyamara, can ƙasa a La Paz.
Na haska fuskokin da ba su taɓa tambayar sunana ba.
In fim ya ƙare, sunaye na hawa bango kamar tururuwa,
nakan zauna har mai shara ya shigo da tsintsiya
ko zan ga Anacleto Limachi.
Sau ɗaya dai aka rubuta "da sauransu."

Da gwiwa ta ce ta gaji, na hau gida El Alto,
inda iska ba ta cika huhu, sanyi kuwa har ɓargo.
Na tura mataccen bas ɗin ƙanena waje,
na kankare baƙin mai daga daɓen gareji,
na rubuta a ƙofa da alli:
Ba a tambayar takarda a nan.
Ba a tambayar ɗan wane ne kai.

Asabar ta fari mutum biyu suka zo.
Ɗayan ma ruwan ƙanƙara ne ya koro shi.

Kyamararmu 'yar gwanjo ce,
da roba muke ɗaure murfin batirinta.
Fortunata mai dankali ta ce ita ba ta san fim ba
amma ta san yunwa,
ta riƙa aiko tukunyar miya, ko sisi ba ta karɓa.
Direbobin layinmu suka yi karo-karo,
makirufo ya samu.

Nayra ta taɓa sauka makarantar masu fim.
Suka dubi kitsonta, suka dubi zanen uwarta,
suka faɗi kuɗin da ya fi saƙar wata shida.
Wilmer kwandasta ne, daga ƙarar inji yake gane ciwonsa,
na sa masa na'ura a kunne, ya yi tsit,
ya ce ashe kwanon rufi ma yana magana.
Delfina kurma ce. Ita ke yanka hoto ta haɗa.
Duk inda ido ya yi ƙarya, nan take sa almakashi.
Gani ya kori ji.

Wani ya zo daga gidauniya, takalminsa na sheƙi.
Yana son fim a kan talauci, da yara masu tagumi.
Nayra ta ce, namu na dariya ne:
kakata ce ta ɗaura wa tunkiya mayafi
ta shigar da ita bas a kuɗin mutum guda.
Ya naɗe takardunsa ya tafi.
Na yi kwana uku ban yi wa yarinyar magana ba,
don na riga na lissafa kuɗin a raina.
Bayan wata huɗu fitilu biyu suka iso, babu wasiƙa.

Daren nunawa muka rataya zanen gadon Fortunata a bango.
Wuta ta ɗauke sau biyu, ba wanda ya tashi.
Tsofaffi suka ji Aimara na fita daga lasifika,
wata ta juya tana neman wa ya yi magana.

Fim minti goma sha ɗaya.
Sunaye minti huɗu.
Mai miya, direbobi tara, mai aron tsani,
wanda ya riƙe kare kada ya yi haushi,
har tunkiyar.
Can ƙarshe, shi kaɗai a tsakiyar zane:
Haske, Anacleto Limaci.

Sun yar da harafi ɗaya.
Ban faɗa musu ba.

Litinin da safe batirin ya mutu gaba ɗaya,
mai gida na tambayar kuɗin wuta,
ga yara bakwai a bakin ƙofa, hannu cikin hammata,
ƙaramar cikinsu tana bin allin da yatsa.
Na ce su shigo, su yi hankali da waya a ƙasa.