Yatsa Biyar

Ranar Laraba ya kawo min kakinsa
a naɗe cikin tsohuwar jarida.
Ya ce, "Tela, rage min ƙugu da yatsa uku,
ran Asabar za su kira sunana."
Na auna shi. Yatsa biyar ne.
Ban faɗa masa ba.

Shekara talatin da biyar, in ji shi.
Ga inda rana ta lashe kafaɗa,
ga wani ɗinki a gwiwa, ba na tela ba,
ɗinkin mai sauri ne, da zaren buhu,
a wani dajin da ba ya son ambata.
Na ɗaga almakashi zan warware,
ya riƙe min hannu.
"Bar wannan. Shitu ne ya ɗinka."

Mu a Farin Gada
ba mu san Saje Iliya Davou da bindiga ba.
Da gwangwanin madara muka san shi,
wanda ya tsaga wa baki da wuƙa.
Duk ranar da ba ya kan aiki,
tun sanyin Jos na cizon kunne,
zai tako daga Rukuba a ƙasa,
ya bi masu dankali, ya bi masu kabeji,
ya gangara Taminus wajen 'yan gwanjo.
Juma'a yana ƙofar masallaci,
Lahadi yana ƙofar coci,
gwangwanin bai taɓa tambayar naira
inda ta yi ibada ba.

Wasu suka ce guzurin ritaya yake tarawa.
Wasu suka ce ƙarar igwa ce ta taɓa shi.
Ni ma na faɗa, Allah ya yafe min.
Nakan jefa hamsin
don kawai ya matsa min daga haske.

Ashe akwai littafi.
Suna arba'in da ɗaya, da jan biro,
'ya'yan waɗanda aka kawo wa gidajensu
jaka da takalmi, ba mai takalmin.
Kuɗin makaranta. Kuɗin jarrabawa.
Tabarau ga wani yaro a Tudun Wada.
Layi na farko, tawada har ta koɗe:
Rakiya Shitu, aji biyu.

Ran Asabar na rufe shago na je.
Rumfa, kujerun roba, badujala,
babban hafsa ya yi ta jero lambobi,
iska na kwashe masa rabin magana.
Sai aka ce wata nas ce za ta miƙa kyautar.
Ta fito cikin farare, doguwa,
ta tsaya gabansa ta kasa cewa komai.
Shi ya sara mata.
Wandon, na lura, ya zauna daidai.

Allo ne na katako mai fuskar gilashi.
Ya juya shi gaba, ya juya shi baya,
ya manta lasifika na kusa da bakinsa:
"Nawa aka kashe a wannan?"
Fili ya ɗauki dariya, har hafsan.
Ni da na auna ƙugunsa
na san ba wasa yake ba,
lissafin zangon karatu yake yi.

Litinin, ba fareti, ba mai jiran sa,
amma takalminsa na ƙyalli tun asuba.
Ya tambayi kuɗin ɗinki. Na ce ya bari.
Ya ce soja ba ya cin guminka,
ya ƙirga min cif, har da na zare.
Sannan ya ɗora gwangwanin kan kekena
ya tsaya yana kallon titi,
ya tare min haske, kamar kullum.

Ƙyallen da na rage yana cikin aljihun tebur
tare da maɓallan da ba su da riga.
Yatsa biyar na mutum,
wanda hanyar Rukuba ta ci a hankali.
Yarona ya so ya goge mai da shi jiya.
Na ce ya nemi wani tsumma.