Mai Gadin Ƙofa ta Bakwai

Ɗaya saura na dare, Agege ta yi laushi.
Barira ta yi barci, hannunta kan goshin yarinya.
Na rage sautin talabijin har ya koma numfashi,
na raɓe a tabarma
kamar ɓarawo a ɗakin da ni ke biyan haya.

Kashi na biyu ne.
Na farkon a shagon Baba Wasi'u muka cinye shi,
naira ashirin minti goma, mu shida kan benci,
mai riƙe da linzami yana gumi,
sauran suna ara masa dabarar da ba su da ita.
Yau akwatin nawa ne.
Wata huɗu na yi ina tara kuɗinsa
daga wayoyin da suka sha ruwa a Ikeja.

Ɗan leƙen asirin ya yi furfura tun rabuwarmu.
Ban ce masa komai ba, nima ina da madubi.

Dokar wasan guda ce: kada a gan ka.
Wannan ai Legas ta riga shi koya mini.
Na san yadda ake wuce shinge da ido a ƙasa,
na san yadda ake ƙanƙancewa a kujerar bayan danfo
har kwandasta ya manta da kai.

Tashar jiragen ruwa ce, ana yayyafi.
Kwantena kan kwantena.
Masu gadi suna sharar duhu da tocila,
ina ƙirga musu taku: tara gaba, tsayawa, hamma, juyi.
Na jefa kwalba hagu, na sulale dama.
Ƙofa shida na wuce, ko inuwata ba ta yi tari ba.

A ta bakwai na tarar da shi.
Ba ya zagaye.
Yana zaune kan kifaffen bokiti,
filas ɗin shayi tsakanin ƙafafu,
yana murza gwiwa da tafin hannu.
Wani a wata ƙasa mai nisa ya zana shi haka,
wataƙila don dariya.
Rubutu ya fito a ƙasan allo:
matso ta baya, danna, ja shi cikin duhu.

Babban yatsana ya tsaya a iska.

Shekara goma sha tara Malam Sallau ya yi
a ƙofar wani sito a Apapa,
da sanda, da tocila mai batir huɗu, da rediyo mai tari.
Daren da suka zo, ta baya suka zo.
Ya dawo mana da wuyan da bai ƙara waiwayen hagu ba,
ko a sallama sai ya juya da kafaɗa duka.
"Ban ji sawunsu ba," iyakar labarin ke nan.
Kamfani ya cire kuɗin tocila a albashinsa.

Na ja da baya.
Na bi ta magudanar ruwa, rub da ciki,
hanyar da ba maki a cikinta,
minti arba'in ina jan jiki ƙarƙashin wani tsoho
da ba shi da suna, ba shi da ɗa,
ba shi da komai sai gwiwar nan.
Na kusa fita, ina hango hasken bakin rami,
aka ɗauke wuta.

Ban adana ba.

Fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Sauro ya karɓi aiki.
Can ƙarshen layi mai gadin unguwa ya bugi ƙarfe sau biyu,
yana shaida wa duhu cewa idonsa biyu.

Na lallaɓa kan yatsu zuwa gado,
na kauce wa tabarmar da ke ƙara, na riƙe numfashi.
Barira, ko ido ba ta buɗe ba:
"Gwani. Tun ɗazu nake ganin ka."